Alhaji Umaru Karki: Malamin Da Ya Rubuta Tarihin Manya, Nasa Kuma Sai Baƙi Suka Rubuta

Daga Maamobi, Accra

Duk wanda ya taɓa aiki a gidan rediyon unguwa ya san cewa babu takardar da ta fi yawan shigowa ɗakin watsa shirye-shirye kamar ta sanarwar rasuwa. A nan Maamobi da Nima da wuya a yi kwana biyu ba a kawo mana irinta ba, ɗauke da sunan mamaci, da lokacin jana'iza, da ranar addu'ar uku ko ta bakwai ko ta arba'in, sai kuma jerin sunayen 'yan uwa masu gayyata.

Kwanakin baya aka kawo mini ta wani dattijo, malamin makarantar allo da ya shafe shekaru masu yawa yana karantar da yara a zaure ɗaya. Sunayen masu gayyata sun cika shafi guda, amma abin da aka rubuta game da shi kansa bai wuce layi uku ba. Da na tambayi jikansa da ya kawo takardar a wane gari aka haifi Malam, wa ya karantar da shi, kuma wace shekara ya sauka Accra, sai yaron ya sunkuyar da kai, ya ce sai dai ya koma gida ya tambayi Hajiya kakarsa. Ita kuwa Hajiyar tsufa ya riga ya kama ta, abin da take tunawa yau ba lalle ne ta tuna shi gobe ba.

Wannan abu ne ya sa na ga ya dace in tunatar da mai karatu wani malami da ya zauna a ƙasar nan tamu, wanda bai yarda a binne mutane tare da labarinsu ba. Shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda dattawanmu suke kira Alhaji Umaru Karki, wasu littattafan Turawa kuma suke kiransa Imam Imoru, limamin Kete-Krachi.

Daga Kano zuwa Salga

An haifi Alhaji Umaru a birnin Kano wajen shekarar 1858, amma asalin gidansu mutanen Kabi ne. Shi ya sa a takardunsa na Larabci ake danganta shi da wurare uku, wato Kabi da Kano da Salga. Mahaifinsa falke ne mai bin ayarin goro zuwa Gwanja, kuma a kan wannan hanya ce yaron ya fara sanin ƙasar da a yau ake kira Ghana.

Tafiyar Gwanja a wancan zamani ba ta yini ba ce, ba ta mako ba ce. Ayari yakan tashi daga ƙasar Hausa ƙarƙashin madugu, da jakuna da 'yan alaro, ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da jar fata, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya kwashe watanni kafin ya isa kasuwar Salga, inda ake samun goron da ya fito daga dazukan Asante. Ba kuma za a ɓoye ba, Salga babbar kasuwar bayi ce a lokacin. Duk inda ayari ya saba yada zango, nan gari yake tsirowa, kuma daga nan ne sunan unguwanninmu ya samo asali.

Umaru ya yi karatunsa a Kano, ya ƙara neman ilimi a wajen malaman yammacin ƙasar Hausa. Tun yana ɗan kimanin shekara 20, a 1877, ya rubuta wani littafi da Larabci mai suna al-Sarhatul Wariƙa, wanda yake koyar da yadda ake tsara wasiƙa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin mutumin da zai zama, domin wasiƙa ita ce igiyar da take ɗaure falke da gidansu, da abokin cinikinsa, da sarkin da zai ratsa ƙasarsa.

Sai dai Salgar da ya zaɓa ya zauna ta riga ta fara tangaɗi. Tun da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi a 1874 hanyar goro ta soma karkata zuwa wasu kasuwanni. A 1892 kuma yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe, masu iko da Salga, garin ya watse, fatake da malamai suka bazu. Da yawa sun gangara Kete-Krachi a bakin kogin Volta, wasu suka nufi wasu zangunan kudu. Alhaji Umaru yana cikin waɗanda suka koma Kete-Krachi cikin shekarun 1890, inda Jamusawa suka kafa barikinsu a 1894. A can ya zama liman, a can ya buɗe makarantar da ɗalibai suka riƙa zuwa daga nesa. Ya tafi aikin Hajji a 1913, ya dawo bayan wasu shekaru ya ci gaba da karantarwa, har Allah ya karɓi ransa a 1934.

Gadon da ya tarar

Kada mai karatu ya ɗauka cewa rubuta tarihin rayuwar mutum abu ne da Turawa suka kawo mana. Malaman Musulunci sun daɗe da wannan fanni, tun daga littattafan Sira har zuwa waɗanda suke jera malamai ɗaya bayan ɗaya, da malamansu, da ɗalibansu, da shekarar rasuwarsu. A Tambutu, Ahmad Baba, wanda ya rasu a 1627, ya rubuta Nailul Ibtihaj a kan malaman mazhabar Malikiyya. A nan ƙasar Gwanja ma, malamai sun rubuta Kitabu Ghanja tun tsakiyar ƙarni na 18, inda suka riƙa ajiye labarin sarakuna da limamai shekara bayan shekara.

A Sakkwato kuwa akwai Waziri Gidado ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, wanda ya rubuta Raudul Jinan a kan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da karamominsa da jama'arsa, ya kuma rubuta al-Kashfu wal Bayan a kan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Wannan gida bai saki alƙalami ba har zuwa kan Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997. Dalilin da ya sa yau ɗan makaranta a Sakkwato zai iya lissafa maka sarakunansu da waziransu ke nan ba tare da ya yi tuntuɓe ba.

Alhaji Umaru ya tashi cikin wannan gado, amma matsayinsa ya bambanta da na Gidado. Gidado waziri ne, a cikin fada yake, yana rubuta labarin surukinsa da na amininsa. Shi kuwa Alhaji Umaru malamin zango ne, ba ya riƙe da sarautar kowace fada, yana zaune a ƙasar da masu ita ba Hausawa ba ne, masu mulkinta kuma Turawa. Wannan ya ba shi damar kallon manya daga nesa kaɗan, inda ake ganin mutum da tsawonsa da kuma inuwarsa.

Yadda ya rubuta mutane

Rubutunsa a kan mutane ya kasu gida-gida. Na farko shi ne labaran ƙasashe da sarakunansu, waɗanda ya rubuta da Hausar ajami. A Kete-Krachi ya haɗu da wani jami'in mulkin Jamus mai suna Adam Mischlich, wanda dā ɗan mishan ne, mai sha'awar harshen Hausa, har ya wallafa ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. Shi ne ya riƙa neman Malam ya rubuta masa abin da ya sani. Malam ya zauna ya rubuta labarin jihadin Shehu Usmanu, da na sarakunan ƙasar Hausa, da tarihin Kabi, ya kuma bayyana yadda ake noma da sana'o'i da fatauci da aure da shari'a da bauta a ƙasar da ya baro.

Mai karatu ya duba wuyar da ke cikin wannan aiki. Mutumin da jininsa na Kabi ne, ƙasar da ta shafe yawancin ƙarni na 19 tana fafatawa da Sakkwato da Gwandu, karatunsa kuma ya biyo ta hannun almajiran Shehu, shi ne zai zauna ya ba da labarin ɓangarorin biyu. Duk wanda ya taɓa sasanta rigimar gado a unguwa ya san abin da ake nufi da a ce kana da dangi a kowane gefe.

Na biyu shi ne waƙoƙin yabo da na marsiyya. Ya yabi Malam Salau Bakatsine, Sarkin Zangon Kumasi a shekarun 1920, ya kuma yi marsiyyar ɗansa na cikinsa, Alhaji Labbu, wanda ya riga shi rasuwa. A al'adar malamanmu irin waɗannan waƙoƙi ba zaƙin baki kaɗai ba ne, domin a cikinsu ake ajiye sunan mutum da na mahaifinsa, da garinsu, da halinsa, da abin da ya yi wa jama'a. Sau da yawa idan aka rasa kowace takarda, marsiyya ce take zama shaidar cewa wane ya taɓa rayuwa.

Na uku, kuma wanda ya fi jan hankalina, shi ne suka. Wajen 1904 zuwa 1905 wani mai wa'azi da ake kira Musa ya ɓullo arewacin ƙasar nan da mutanensa, yana da'awar da ta shafi zuwan Mahadi, jama'a suka yi ta binsa. Alhaji Umaru bai bi yarima ya sha kiɗa ba. Ya rubuta waƙa da Larabci yana bayyana abin da ya gani game da mutumin, yana gargaɗin mutane cewa abin duniya ake nema da rigar addini. A yau kusan duk mai binciken da yake son sanin wane ne Musa sai ya bi ta kan wannan waƙa. Ashe alƙalamin da ya iya yabo ya iya kuma cewa a'a.

Na huɗu shi ne abin da ya rubuta game da zuwan Turawa. Tsakanin 1899 da 1903 ya yi waƙoƙi uku a kan wannan al'amari, biyu da Larabci, ɗaya da Hausa, inda ya jera garuruwa da sarakuna da mayaƙan da suka faɗa hannun Nasara, har da irin su Samori, wanda Faransawa suka kama a 1898. Abin lura a nan shi ne, a lokacin da yake waɗannan waƙoƙi yana zaune ne ƙarƙashin tutar Jamus. Yana hulɗa da Bature, amma bai fasa rubuta abin da zuwan Bature ya jawo wa mutanensa ba.

Bai kuma tsaya kan masu rawani kaɗai ba. Ya rubuta labarin yaƙin Salga da ya gani da idonsa. Ya yi waƙa a kan annobar murar da ta ratsa duniya a 1918, wadda ya kira Tunkuyau. Ya yi wata da Hausa a kan talauci da wadata, inda ya nuna yadda jama'a suke wulaƙanta marar shi, suke kuma rusuna wa mai shi. Idan aka haɗa waɗannan duka, za a ga malamin da ya ɗauki rubuta mutane a matsayin amana, ko sarki ne, ko malami, ko talakan da ba wanda ya san sunansa.

Malam Abu da labarin Babatu

Alhaji Umaru ba shi kaɗai ba ne a wannan fage. A shekarar 1914 wani malami da aka sani da Malam Abu ya rubuta, da Hausar ajami, labaran shugabannin Zabarmawan da suka yi yaƙe-yaƙe a ƙasar Gurunsi, wato Alfa Hano da Gazari da Babatu, ya haɗa da labarin Samori. Wani likitan Turawa da ya yi aiki a Wa, Dokta Corson, shi ya karɓi takardun, kuma suna ajiye a makarantar nazarin ƙasashen Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan.

Na kawo wannan ne saboda ya taɓo wurin da ke da zafi. Babatu, wanda ya rasu a Yendi a 1907, jarumi ne a bakin wasu, a bakin wasu kuma mai kamen bayi ne da ya tarwatsa garuruwa. Mutanen Builsa suna bikin Feok a Sandema, inda suke tuna yadda kakanninsu suka kore shi. A Maamobi kuwa jikokin waɗannan da na waɗancan gida ɗaya suke haya, famfo ɗaya suke ɗiban ruwa, har auratayya ta shiga tsakani. Wanda zai rubuta tarihin irin wannan mutum, idan ya yi yabo zalla ya ci amanar wasu maƙwabtansa, idan ya yi zagi zalla ya ci amanar wasu. Abin da ya rage masa shi ne ya faɗi abin da ya faru, da inda ya faru, da wanda ya gaya masa. Malam Abu ya bar mana sunayen garuruwa da na mutane da jerin hare-hare, kuma da su ne masu bincike suke auna abin da kowane ɓangare yake faɗa.

Ina takardun suke?

A nan ne labarin yake da ban takaici. Tsohon garin Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru ya yi limanci ya karantar, ruwa ya cinye shi. Da aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafkin Volta ya malale garuruwa da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutane kimanin 80,000 aka sake musu matsuguni. Kete-Krachin da ke yankin Oti a yau sabon gari ne.

Abin da ya tsirar da rubutun Malam abu biyu ne. Na farko ɗalibansa, waɗanda suka kwafe waƙoƙinsa da hannu suka bazu da su cikin zanguna. Na biyu masu bincike. A farkon shekarun 1960 aka kafa Cibiyar Nazarin Afirka a Jami'ar Ghana da ke Legon, wadda Shugaba Kwame Nkrumah ya buɗe a hukumance a watan Oktoba na 1963. Ƙarƙashin Thomas Hodgkin da Ivor Wilks, tare da wani malami ɗan ƙasa, Alhaji Usmanu Boyo na Kintampo, aka bi gidajen malamai gari-gari ana aron takardu, a ɗauki hotonsu a mayar wa masu su. Ta haka aka tara ɗaruruwan rubuce-rubucen Larabci da ajami, kuma na Alhaji Umaru suna cikin waɗanda suka fi yawa.

Takardun da ya rubuta wa Mischlich kuwa Jamus suka tafi. Wani Bajamushe, Heinz Sölken, ya yi aiki a kansu, har ya fitar da tarihin Kabi. Wani Ba'amurke, Douglas Ferguson, ya yi digirinsa na uku a kansu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a 1973. Wani farfesa ɗan ƙasar Poland, Stanislaw Pilaszewicz, ya shafe shekaru yana nazarin Malam, ya rubuta littafi a kan rayuwarsa da waƙoƙinsa da harshensu, ya wallafa labaran Malam Abu a 1992, sannan a shekarar 2000 ya fitar da rubutun zube na Alhaji Umaru a birnin Berlin.

Ba laifinsu muke gani ba, sun ma cancanci godiya, domin ba don su ba da wani abin ya salwanta. Amma dole mu tambayi kanmu. Daga Maamobi zuwa Legon mota ɗaya ce, ba ta kai tafiyar awa guda ba idan hanya ta yi kyau. Mu nawa ne muka taɓa zuwa muka nemi ganin rubutun malamin da muke alfahari da sunansa a wajen wa'azi da Mauludi? Mutum ya taso daga Warsaw ya koyi Hausa da ajami saboda Alhaji Umaru, mu kuma da muka gaji harshen muna jiran a fassara mana.

Abin da ya shafe mu a yau

Wani zai ce, to mene ne na damuwa, tunda wanda ya mutu ya riga ya mutu? Amsar tana cikin tarihin zango kansa.

A 1954 Musulmin ƙasar nan suka shiga siyasa da jam'iyyarsu ta Muslim Association Party, wadda ta yi ƙarfi a zangunan Accra da Kumasi, ta kuma tsaya a ɓangaren masu adawa da jam'iyyar CPP. A 1957, shekarar da aka sami 'yancin kai, gwamnati ta ba da umarnin korar manyanta biyu na Kumasi, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, zuwa Nijeriya, bisa cewa ba 'yan ƙasa ba ne. Su kuma suka garzaya kotu suna cewa a nan aka haife su. Kafin shari'ar ta kai ƙarshe majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu, aka fitar da su. Duk rigimar ta taru ne a kan tambaya ɗaya: a ina aka haifi wane, kuma su wane ne iyayensa?

Bayan shekara 12, a ranar 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Dokta Busia ta fitar da dokar nan ta korar baƙi, inda aka ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Dattawan Nima da Maamobi ba su manta da wannan lokaci ba. Mutanen da ba su san wata ƙasa ba sai wannan sun sayar da kayansu a wulaƙance sun hau mota, saboda ba su da abin da za su nuna. Har gobe kuma, duk lokacin da aka zo rajistar katin ɗan ƙasa ko ta zaɓe, ɗan zango ya san irin tambayoyin da sunansa yake jawo masa.

Alhali kuwa tarihinmu a birnin nan ba na jiya ba ne. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Malam Idrisu Naino da jama'arsa suke zaune a tsakiyar Accra. Ɗansa Malam Bako shi ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Cif Braimah, wanda ya rasu a 1915, ya shugabanci Musulmin Accra tun zamanin Turawa. Malam Amadu Futa ya kafa Nima a farkon shekarun 1930, a filin da ya samu daga gidan Odoi Kwao na Osu. Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka naɗa Babban Limamin Ƙasa a 1993, a Accra aka haife shi a 1919, shekara 38 kafin a sami ƙasa mai suna Ghana. Amma littafin da aka fi ambata a kan Sabon Zango wata Ba'amurkiya ce, Deborah Pellow, ta rubuta shi a 2002, na zangon Kumasi kuma Enid Schildkrout a 1978, dukansu da Turanci.

Idan wannan ne halin da manyan maza suke ciki, to ina ga mata? Mun san cewa mahaifiyar Alhasan Ɗantata, attajirin Kano da ya rasu a 1955, wadda ake kira Amarya, ta yi zama a Accra tana kasuwanci, har ɗan nata ya biyo ta. Mun san wannan ne kawai saboda ɗanta ya shahara. Sauran dubban iyayenmu mata da suka riƙe gidaje da cinikin goro da waake da koko, suka biya kuɗin makaranta, suka kai mazajensu Makka, sun tafi da labarinsu.

Mafita

Aikin ba ya bukatar digiri. Alhaji Umaru da tawada da alƙalamin kara ya yi nasa, mu kuwa kowannenmu yana yawo da wayar da za ta iya ɗaukar muryar dattijo ta awa biyu. Abin da ake bukata shi ne a zauna gaban tsoho da ladabi, a ce Baba ko Hajiya, a ba mu labari, sannan a yi tambayoyin da suka dace: sunan mahaifi da na kaka, garin da aka fito, hanyar da aka biyo, malaman da aka yi karatu wurinsu, littattafan da aka sauke, gidan da aka fara sauka, da abin da ya faru a shekarar kaza. A rubuta ranar da aka yi hirar da sunan wanda ya ba da labarin. Idan an ji wata riwaya daban a wani gida, ita ma a rubuta ta, kada a zaɓi mai daɗi a yar da ɗayar.

Sai kuma a kiyayi abin da yake kashe irin wannan aiki a wurinmu, wato mayar da tarihi kirari. Yawancin 'yan takardun da ake rabawa a wajen addu'ar arba'in ko bikin naɗin sarauta, za ka karanta daga farko har ƙarshe ba ka ga shekara ɗaya ba, sai dai waliyyi, gwarzo, uban marayu. Malami mutum ne, ɗan siyasa ma mutum ne. An yi rigingimun limanci a zangunanmu, an yi na sarauta, an yi saɓani tsakanin 'yan ɗariƙa da Ahlus Sunna har ya kai ga abin da ba a so. Rubuta waɗannan cikin adalci da mutunci ba tonon asiri ba ne, hanya ce ta hana 'ya'yanmu sake faɗawa ramin da iyayensu suka faɗa. Wanda kuma aka ba kuɗi ya rubuta tarihin mai kuɗin, ya ji tsoron Allah, ya tuna cewa takarda takan fi mai ita da marubucinta tsawon rai.

Kira na musamman ga majalisar sarakunan zango, da ofishin Babban Limami, da kwamitocin masallatai, da ƙungiyoyin matasanmu na Nima da Maamobi da Newtown da Fadama: a ware ɗaki ko da ɗaya ne, ko a harabar Babban Masallacin Ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021, inda za a riƙa ajiye kwafin takardun gidaje da hotuna da muryoyin dattawa. Masu tsofaffin takardun ajami a cikin akwati da buhu su fito da su a ɗauki hotonsu tun gara da ruwan sama ba su gama da su ba, domin kowa ya san abin da ambaliya take yi mana a unguwannin nan duk damina. Ɗalibanmu da ke Legon kuma su nemi rubuce-rubucen Alhaji Umaru su juya su zuwa boko, yadda yaro a makarantar Islamiyya zai karanta da kansa.

Ni dai na fara da abin da nake iyawa. Na gaya wa jikan malamin nan cewa idan an share makoki zan zo gida da na'urar ɗaukar magana in gaida Hajiya, mu ji abin da Allah ya sa ta riƙe. Ko rabin shafi muka samu, ya fi layi uku.

Allah ya jiƙan Alhaji Umaru Karki da Malam Abu da sauran malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya sa aljanna ce makomarsu, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana, amin.